Wutar Ko-ta-kwana A Ƙananan Ofisoshi: A Yi Lissafi Kafin A Ba Da Kwangila

Sanin kowa ne cewa matsalar wutar lantarki ta daɗe a ƙasar nan, har ta kai ma'aikata da yawa da aka ɗauka aiki a zamanin NEPA sun yi ritaya sun bar ta inda suka same ta. A 1972 aka haɗe Hukumar Lantarki ta ECN da Hukumar Madatsun Ruwan Kogin Neja aka kafa NEPA. A 2005 aka yi dokar gyaran sha'anin lantarki, aka sauya suna zuwa PHCN. A watan Nuwamba na 2013 kuma aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa. A cikin duk waɗannan sauye-sauye, abin da talaka ya fi ganin canjinsa shi ne sunan da ke kan takardar biyan kuɗi. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 ta shafe shekaru tana rabon wutar da a mafi yawan ranaku ba ta wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba.

Manyan ma'aikatu da bankuna da kamfanoni sun daɗe da yi wa kansu tanadi, suna da manyan injuna da injiniyoyin da ke kula da su. Wanda aka bari a rana shi ne ƙaramin ofis, watau ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, da ɗakin shan magani na ƙauye, da kotun majistare, da ofishin tara haraji, da ofishin shugaban makarantar sakandare, da shagon buga takardu da ɗalibai ke cika a bakin ƙofar jami'a. A zamanin da, idan wuta ta ɗauke, akawu yakan ja tafiretansa kusa da taga ya ci gaba da aiki. Yanzu kuwa albashi da haraji da rajistar ɗalibai duk sun koma kan kwamfuta. Tun 2015 Gwamnatin Tarayya ta tilasta wa hukumominta zuba kuɗaɗen shiga a asusu guda, a wannan shekarar kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Saboda haka ofishin da ba shi da wuta yau, rufaffe ne ko da ƙofarsa a buɗe take, kuma mai wahalar shi ne tsohon da ya yi sammako daga ƙauye don a duba masa takardar fansho aka ce ya dawo gobe.

Jihohin Arewa suna da nasu ƙarin dalili na damuwa. Ko da yake madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna wannan ɓangare, mafi yawan wutar ƙasa daga tashoshin iskar gas na Kudu take fitowa, kuma manyan layukan da ke kawo ta Arewa 'yan kaɗan ne. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin Ugwuaji zuwa Apir ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka rusa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya yi watanni ba wuta, har aka buɗe masa tashar iskar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, wadda take samun kaso mafi yawa na wutarta daga Nijeriya a lokacin, ta ɗanɗana irin wannan lokacin da aka yanke mata wuta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, sai a farkon 2024 aka mayar. Darasin da ke cikin waɗannan a fili yake. Ɗaukewar wutar da ya kamata shugaban ofis ya yi wa shiri ba ta awa biyu ko uku ba ce kaɗai, har da ta kwana bakwai ko goma.

Ra'ayin jaridar nan shi ne, ga yawancin ƙananan ofisoshin da ke aiki da rana a wannan yanki, wutar hasken rana tare da batir da inbata ita ce ya kamata ta zama ginshiƙi, ƙaramin janareta kuwa ya zama mataimaki na ranar larura. Amma kafin a sayi ko ɗaya daga cikinsu, tilas ne a zauna da takarda da fensir a yi lissafi, domin yawancin kuɗin da ake asara a wannan fanni ana asararsu ne tun ranar da aka rubuta takardar neman saye.

LISSAFIN KAYAN WUTA

Kowace na'ura tana da adadin wat da take ja, kuma akan rubuta shi a jikinta ko a jikin cajarta. A ɗauki misalin ofis mai ma'aikata 6. Kwamfutocin tafi-da-gidanka 4, kowace wat 60, sun ba da 240. Kwamfutar tebur 1 da allonta, wat 150. Fankokin sama 3, kowace wat 70, sun ba da 210. Ƙwayayen fitila na zamani 6, kowane wat 10, sun ba da 60. Na'urar intanet da cajin wayoyi, wat 40. Jimla wat 700 ke nan. Idan aka yi aikin awa 8, an sha 5,600. A ƙara 400 domin na'urar buga takarda, wadda takan ja kusan wat 500 amma ba ta yin aiki sai jefi-jefi. An sami 6,000, watau yunit 6 a rana irin wanda mita take ƙirgawa. Tun da yake inbata da wayoyi da batir sukan cinye wani kaso, sai a yi shiri a kan yunit 7.

Wannan lissafi shi ne yake fallasa inda gizo ke saƙa. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan kusan wat 1,100. A tsakiyar bazara, lokacin da ba ta samun hutu, za ta sha yunit 8 ko 9 a awa 8, watau fiye da abin da duk sauran ofishin ya sha. Butar dafa shayi ta lantarki tana jan kusan wat 2,000, kusan ninki uku na dukkan kwamfutoci da fankoki da fitilun da aka lissafa. Babban injin fotokofi kuwa yakan haura wat 1,000. Ke nan sau da yawa idan aka ce ofis yana bukatar babban injin, abin da ake nufi shi ne ɗakin maigida yana bukatar sanyi. Babu laifi shugaba ya sha sanyi in wutar gari ta samu, amma ba daidai ba ne a ninka kuɗin jama'a sau biyu ko uku saboda ɗaki ɗaya. Abin da ya kamata shi ne a raba wayarin ofis gida biyu. Layi ɗaya na kayan da aiki ba ya yiwuwa sai da su, shi za a ɗora wa wutar ko-ta-kwana. Ɗaya layin na masu cin wuta da yawa, a bar shi a kan wutar gari.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba su cika bayyanawa ba. Ƙarfin janareta da inbata akan rubuta shi da kVA, wanda ba daidai yake da kilowat ba. Bisa ƙa'ida akan ɗauki kashi 8 cikin 10, saboda haka mai kVA 2.5 ainihin abin da zai ɗauka wat 2,000 ne. Haka nan firji da famfon ruwa da duk na'ura mai mota a ciki sukan ja ninki uku ko fiye a daidai lokacin tashi. Wanda bai sa wannan cikin lissafi ba, zai ga sabon injinsa yana mutuwa duk sanda aka kunna firji, ya ɗauka an cuce shi alhali shi ya cuci kansa.

JANARETA DA ABIN DA YAKE CI

Janareta yana da kirkinsa, kuma bai kamata a raina shi ba. Kuɗin sayensa kaɗan ne in an gwada da sauran, makanikinsa yana kowane gari, kuma muddin akwai mai zai yi aiki dare da rana, da damina da rani. Aibinsa shi ne ba ya daina ci. Ƙaramin janareta mai amfani da fetur, in ba a cika masa kaya ba, yakan ba da kimanin yunit ɗaya da rabi a kowace lita. Ofishin da aka yi misali da shi zai sha lita 4 a rana, lita 88 a kwanakin aiki 22 na wata, fiye da lita 1,000 a shekara in babu wutar gari sam. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka yi shelar janye tallafin mai, lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin hukuma. Zuwa watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000 a garuruwa da yawa. A kan wannan farashi, ofishin zai ƙone fiye da Naira miliyan 1 a shekara, ban da baƙin mai da filogi da ladan makaniki, kuma yunit ɗaya ya tashi kusan Naira 670.

A gwada wannan da wutar gari. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 a yunit, daga baya ya koma Naira 209.50 a watan Yuli. Jama'a sun koka ƙwarai, kuma suna da hujja. Duk da haka wutar janareta ta ninka wannan sau uku. Wannan ya nuna cewa kowace awa da janareta ya yi yana aiki, ana sayen wuta mafi tsada da ake da ita.

Injin dizal ya fi tattalin mai, yakan ba da kusan yunit 3 a lita, kuma ya fi ƙarko. Sai dai yana da sharaɗi. Ba ya son a riƙa gudanar da shi da kaya ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, domin man ba ya ƙonewa sosai, sai ya riƙa taruwa yana toshe injin. A nan ne ake tafka babban kuskure a ofisoshin hukuma. Sai a sayo inji mai kVA 20 ko 30 saboda alfarma, a ɗora masa fankoki uku da kwamfuta biyar, ya riƙa shan mai a banza yana kashe kansa. Bayan shekara biyu sai a gan shi a bayan ofis an rufe da tamfol, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, ana rubuta takardar neman wani.

Ba za a rufe batun janareta ba sai an ambaci abin da kowane ma'aji ya sani. Mai abu ne da ke tafiya a jarka. Ofishin da ba ya ajiye littafin da ake rubuta lokacin tayar da inji da lokacin kashe shi da yawan litar da aka zuba, ya buɗe ƙofar ɓarna da hannunsa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

INBATA DA BATIR

Inbata ba ta samar da wuta. Aikinta ta cika batir lokacin da wuta ta samu, ta juyar da abin da ke cikinsa zuwa irin wutar da na'urori ke amfani da ita lokacin da aka ɗauke. Ba ta da ƙara, ba ta da hayaƙi, kuma takan karɓi aiki nan take ba tare da kwamfuta ta mutu ba. Ga ofishin da ke samun wutar gari awa 10 ko 12 a rana, ta wadatar.

Amma a duba lissafin batir. Babban batir na dalma mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce. Sai dai in ana so ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, watau 1,200. Domin a riƙe ofishin misali wuni ɗaya cur, ana bukatar irin waɗannan batura 6, kuma sai sun sami wutar gari ta awa 8 zuwa 10 kafin su sake cika. Ke nan a irin duhun Oktoban 2024, inbatar da ta dogara ga wutar gari kaɗai za ta yi shiru tun rana ta biyu. Tulu ne, ba rijiya ba, in ba a zuba ba babu abin da za a ɗiba.

Zafin wannan yanki kuma abokin gabar batir ne. Masu ƙera batirin dalma sukan auna rayuwarsa a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar da kusan rabi. A Sakkwato da Maiduguri da Nguru zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Batirin da aka kulle a sito mai rufin kwano ba tare da iska ba, ba zai kai rabin shekarun da aka faɗa ba. Irin mai ruwa yana bukatar a riƙa duba shi ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba ruwan famfo ko na leda ba. Batirin litiyam na zamani ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya shan kashi 8 ko 9 cikin 10 na abin da ke cikinsa, yana jure caji sau dubbai, yana cika da sauri, kuma ba ya bukatar ruwa. Idan aka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi, sau da yawa shi ne mai araha.

A wajen zaɓen inbata, a nemi mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta gari, domin masu arahar nan sukan sa fanka gurnani, su dumama mota, su lalata na'urar buga takarda. Kada kuma a rikita ta da ƙaramin akwatin UPS da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Shi aikinsa ya riƙe kwamfuta minti 5 zuwa 15 domin a adana aiki a kashe ta lafiya, ko a tayar da inji.

HASKEN RANA

Allah ya hore wa wannan yanki rana. A yawancin jihohin Arewa ana samun abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakken haske a rana in aka daidaita lissafin shekara. Farantin sola mai wat 400, a awa 5, zai ba da 2,000 a rubuce. In aka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya, saura 1,500. Domin samun yunit 7 ana bukatar faranti 5, a ƙara 1 saboda hazo da gajimare, sun zama 6. Babbar fa'idar ofis a kan gidan kwana ita ce lokacin aikinsa ya dace da lokacin rana. Wutar da farantan ke samarwa daga hantsi zuwa la'asar kai tsaye take shiga kwamfuta da fanka, saboda haka ba a bukatar tarin batura. Batirin dalma 4, ko na litiyam 1 mai yunit 5, tare da inbata mai kVA 2.5 zuwa 3.5, sun isa su riƙe safiya da ranar hadari.

Wannan ba sabon abu ba ne da za a ce ana gwaji. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta fara sa wa shagunan Kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola. A watan Satumba na 2019 aka buɗe tashar haɗin gwiwa mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. A 2025 kuwa aka ware Naira biliyan 10 a kasafin Tarayya domin sa wa Fadar Shugaban Ƙasa wutar hasken rana. In har fadar da ta fi kowane gida samun kulawar kamfanin wuta ta ga dacewar haka, ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ya fi ta bukata.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji uku, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, kuɗin farawa yana da yawa, ya ninka na ƙaramin janareta sau da dama. Gaskiya ne. Amma wanda ya tsaya a kan farashin ranar saye bai gama lissafi ba. A haɗa kuɗin injin da na mai da na gyara na shekara 5, a ajiye kusa da kuɗin sola har da canjin batir sau ɗaya, sa'an nan a yanke hukunci. Ofishin da ke ƙona Naira miliyan 1 a shekara yana biyan kuɗin sola ne a hankali ba tare da ya mallake ta ba, kuma farantai masu kyau masu ƙera su sukan ba da lamuni na shekara 25.

Na biyu, ana cewa hazo da damina sukan rage ƙarfin sola. Haka ne. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan faranti ta rage masa aiki ƙwarai, maganinta kuwa ruwa da tsumma mai laushi ne sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A kafa farantan suna fuskantar kudu, a ɗan karkace su domin ruwan sama ya wanke su, a nesanta su daga inuwar darbejiya da tankin ruwa. Ga ranakun da rana ta ƙi fitowa, a nan ƙaramin janareta yake da amfani. Awa 3 ko 4 da zai yi yana cika batir tare da gudanar da fotokofi sun fi wuni guda da zai yi yana juya fankoki.

Na uku, ana tsoron sata da jabun kaya. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Kasuwa ta cika da farantan da aka liƙa wa lambar ƙarya, da tsofaffin baturan da aka yi wa fenti. Fitilun sola na kan titi da suka mutu kafin shekara ta zagayo sun isa shaida, kuma su ne suka sa mutane da yawa suka yanke ƙauna. Amma laifin na mai saye da mai sa hannu ne. Araha ba ta ado. A sayi kayan da ke da shaidar hukumar SON, a gwada su a gaban jami'in ofis da ma'aunin wuta, a rubuta lambar kowane faranti da batir a littafin sito, a ɗaure su da ƙarfe, a danƙa su a hannun mutum ɗaya da za a tambaya in sun ɓata.

KIYAYE RAI

Akwai abubuwan da ba na kuɗi ba, na rai ne. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da barci, daga nan sai mutuwa. An sha jin labarin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba saboda an shigar da inji cikin gida don gudun ɓarayi. Kada a tayar da janareta a baranda ko ƙarƙashin bene ko kusa da taga. A ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6, kuma kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Maigadin da ke kwana kusa da inji shi ma ɗan wani ne.

Tilas ne kuma a sa makunnin sauya wuta tsakanin layin gari da na inji. Wanda ya soka wayar janareta a soket kai tsaye yana tura wuta baya zuwa layin gari, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta, ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara da yaƙinin an yanke wuta. A tabbata an binne wayar da ke kai wuta ƙasa, an sa abin kare tsawa, kuma mai aikin yana da shaidar hukumar NEMSA. Mataccen batir kuwa kada a bar shi yara su fasa, domin dalma guba ce. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake tushensa haƙar zinariya ne, ya isa ya nuna abin da dalma take yi wa jikin yaro. Ɗakunan shan magani kuma su tuna cewa yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, saboda haka firjinsu ya cancanci nasa layin na dabam wanda ba a cajin waya a kansa.

ABIN DA YA KAMATA HUKUMA TA YI

Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007, da irinta da jihohi suka yi, sun tanadi a nemi abin da ya fi amfani ga kuɗin jama'a. Lalle ne manyan sakatarori da shugabannin ƙananan hukumomi su daina sa hannu a kan takardar sayen janareta ko sola wadda ba ta zo da jerin kayan wutar ofis da lissafin shekara 5 ba. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai kayan sun yi shekara suna aiki. A ware kuɗin kulawa a kasafi tun farko, domin ɗabi'ar sayen sabo da ƙin gyaran tsoho ita ta cika harabar ma'aikatu da gawarwakin injuna. Masu binciken kuɗi su riƙa neman littafin mai kamar yadda suke neman rasit. Ma'aikatar Ayyuka ta kowace jiha ta fitar da tsari guda na ƙaramin ofis da matsakaici, domin a sayi kaya iri ɗaya a dunƙule, farashi ya sauka, kayan gyara su samu.

Ga ɗalibai kuma, musamman na kwalejojin fasaha da makarantun koyon sana'a, a nan akwai abin yi. Kowane faranti da aka kafa yana bukatar wanda ya san haɗa shi da auna shi da gyara shi. Ya kamata gwamnatocin jihohi su haɗa ofisoshinsu da waɗannan makarantu, ɗalibai su riƙa zagayawa ƙarƙashin malamansu suna duba kayan, su sami horo, hukuma ta sami kulawa.

Duk wannan ba ya ɗauke wa kamfanonin wuta nauyin da ke kansu. KEDCO da kamfanonin Kaduna da Jos da Yola suna karɓar kuɗi ne domin su ba da wuta, kuma haƙƙin jama'a ne su nemi awoyin da aka yi musu alkawari. Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yuni na 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, saboda haka gwamnoni ba su da sauran uzurin cewa al'amarin na Tarayya ne kaɗai. Amma kafin wannan ya haifar da ɗa mai ido, ma'aikaci yana da mutane a bakin ƙofarsa suna jiran takardunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugaban ofishin da ya ƙirga kayan wutarsa yau, ya raba layinsa, ya sayi daidai bukatarsa, ya naɗa mai kula, shi ne ofishinsa zai kasance a buɗe ranar da layin Shiroro ya sake faɗuwa. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amanar dukiyar jama'a, amin.